Jakar baya ta babban kare don hawan dutse: a sayo ta waje, a kai wa tela, ko kai dai ka ɗauki kayan?

Wani abokina da muka yi makaranta tare, yanzu yana zaune a Gwarimpa a Abuja, ya turo min hoto ran nan, wani ƙaton kare ne an ɗora masa jaka biyu hagu da dama yana tsaye kan dutse kamar soja, ya rubuto a ƙasa wai "Malam irin wannan nake so in saya wa nawa, wacce ka ga ta fi?" Shi Boerboel gare shi, wata 11 da haihuwa amma in ka gan shi sai ka rantse ɗan maraƙi ne. Na fara ba shi amsa da murya sai na ga na kai minti bakwai ina zuba ban ma shiga maganar ba, shi ne na ce bari kawai in zauna in rubuta, wanda ke da irin tambayar shi ma ya ƙaru.

Ni a Jos nake. Karena Barde jinin Alsheshan ne da ya gauraya da na gida, shekararsa huɗu, kilo 34 ya nuna a sikelin likitan dabbobi zuwanmu na ƙarshe. Kusan duk bayan sati biyu muna fita Duwatsun Shere ta ɓangaren Lamingo, wani lokacin kuma mu miƙa Riyom. Jaka iri uku ta hau bayan karen nan, ɗaya kuɗina ne kawai suka tafi a banza, ɗaya sai da aka farke aka sake ɗinki, ɗaya kuma ita muke amfani da ita har yanzu.

Abin fa ba baƙo ba ne a wurinmu in ka duba da kyau. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san mangala a bayan jaki, to jakar kare mangala ce kawai aka sa mata zif. Kuma dokar mangala ita ce dokarta, in gefe ɗaya ya fi nauyi ta karkata, dabba ta wahala, kai ma ka wahala da tsayawa gyara. Inda suka rabu shi ne jaki an halicce shi da bayan ɗaukar kaya, shi kuwa kare ƙashin bayansa mai lanƙwasa ne, na gudu da tsalle. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin jikinsa a ƙafafun gaba yake, don haka kaya in za su hau to a kan kafaɗu za su zauna, can gaba, ba tsakiyar baya ba balle ƙugu. Da wannan nake auna kowace jaka, kuma za ka ga shi ne ya kayar da guda biyu a cikinsu.

Sai maganar nauyi, don a nan mutane ke zaluntar dabba ba su sani ba. Abin da masu harkar ke faɗi shi ne kar kaya su wuce kashi 25 cikin 100 na nauyin karen, kuma wannan ƙarshen ƙarshe ke nan, na karen da ya saba ya ƙoshi yana cikin ƙarfinsa. Mafari kashi 10 ne. Ni ban taɓa wuce 10 zuwa 12 ba kuma ban ga dalilin wucewa ba. Yi lissafi da Barde, kilo 34, kashi 10 ya zama kilo 3.4, ita kanta jakar wajen rabin kilo ce, lita ɗaya ta ruwa kuma kilo ɗaya ce cif, ka ga lita ɗaya da rabi a kowane gefe shi ke nan an cika. Wanda ke tunanin zai loda wa kare tanti da tukunya da risho ya saki hannu yana tafiya kamar basarake to ya sayi jaki kawai, ya fi masa.

Shekaru kuma, nan ne na fara ɓata wa abokina rai. Manyan karnuka ƙashinsu ba ya gama ƙwari da wuri, irin su Alsheshan sai sun kai shekara ɗaya da rabi, ƙattin irin su Boerboel da Kokeshiyan kuwa har wajen shekara biyu gaɓoɓinsu na kan girma. Girman jiki yana yaudara, wata 11 yaro ne ko da ya kai kilo 50. Ga shi dama Alsheshan da Rotwaila da Boerboel duk an san su da matsalar gaɓar ƙugu wadda ake gada, ka ga kare yana jan ƙafar baya ko yana tashi da ƙyar in ya kwanta. Mai irin wannan, da tsohon kare, da macen da ke da ciki, babu maganar jaka sam.

To yanzu a zo kan zaɓin.

Ta farko da na fara saya, kuma ita ce mafi yawan mutane ke faɗawa don ita ke da kyau a hoto, ita ce irin ta sojoji ɗin nan, baƙa ko kaki, da ake tallarta a intanet da araha, mai aljihunan da ake mannawa a ɓalle. Wallahi ranar da ta iso na sa wa Barde yaran layinmu har tafi suka yi. Amma fita biyu kawai muka yi na gane araha ba ta ado. Da farko dai riga ce ba jaka ba, ta rufe bayan gaba ɗaya da haƙarƙari, yadin mai kauri, baƙi, yana shan rana, in ka zura hannu ƙarƙashinta bayan awa ɗaya sai ka ji kamar ka sa hannu a tanda. Aljihunan kuma a tsakiyar baya suke zama, wato daidai inda na ce kar kaya su zauna. Abin mannewar nan da ke ƙara in ka ɓalle, muna shiga ciyawa ya cika da 'ya'yan ciyawa da gashi ya daina kamawa, aljihu ɗaya ya faɗi ban ma san inda ya faɗi ba, da kwanon shan ruwansa a ciki. Maɓallin roba na ƙirji kuma ya karye a fita ta biyu lokacin da ya zabura zai bi gafiya. Akwai kuma wani abu da ban yi tunaninsa ba, mutanen ƙauyukan gefen dutse in suka ga kare da kayan sojoji hankalinsu tashi yake, wata tsohuwa sai da ta ajiye itacenta ta koma gefe tana tambaya ko wani abu ya faru ne. In don gadi a bakin get kake so ko don hoto to ba laifi. Don hawan dutse kar ka soma.

Ta biyu ita ce ta kamfanonin waje da dama sana'arsu ke nan. Wanda aka fi sani Ruffwear ne, kamfanin Amurka a jihar Oregon, suna da Approach wadda aljihunanta a ɗinke suke da ɗamarar da ake ɗaura wa karen a ƙirji da ciki, da Palisades wadda ake iya cire aljihunan a bar ɗamarar kawai a jikin karen. Akwai kuma Kurgo masu Baxter, ita ta fi sauƙin kuɗi. Tawa Approach ce, ƙanin matata ya taho min da ita daga Ingila, wani ya ɗan yi amfani da ita kafin nan amma ba abin da ya same ta. Bambancin tun daga sawa za ka gan shi, aljihunan sun zauna kan kafaɗa sun ɗan gangaro gefe, maɗaurin ƙirji ya rabu biyu ya bi gefen wuya bai shaƙe maƙogwaro ba, na ciki guda biyu ne da laushi a jikinsu, ga wuraren ƙarawa da ragewa da yawa, ga mariƙi a sama mai ƙarfi wanda in kun zo inda dutse ya yi tsayi za ka kama ka taimaka masa ya haye. Wannan mariƙin a Shere ba ado ba ne, akwai wuraren da ba don shi ba sai dai mu juya.

Matsalarta kuɗi. Palisades ta haura dala 100 tun kafin a yi maganar kawowa, kai ka san yadda dala take yanzu, ka buga lissafin da kanka. Sannan in ka yi kuskuren lamba ba mai karɓar maka, babu shagon da za ka koma ka ce a canza. Don haka kar ka yi oda da ido ko da kilo, ka samu tef ɗin tela ka auna kewayen ƙirjin karen a inda ya fi faɗi, wato daf da bayan ƙafafun gaba, da wannan awon suke raba lambobinsu. In awon ya faɗo tsakanin lamba biyu ni ƙaramar nake ɗauka, don jaka in ta yi yawa rawa take yi, rawar nan kuma ita ke goge hammata har fata ta saɓule. Tsakanin Approach da Palisades kuwa, in da zan sake saye kuma aljihuna ya yarda, mai cirewar zan ɗauka, saboda duk inda muka tsaya hutawa ko za mu ratsa rafi sai na kwance jakar gaba ɗaya in sake ɗaurawa in sake daidaitawa, abin da gajiya. Amma in fitarku ba ta wuce ta wuni ɗaya ba ƙarin kuɗin bai zama dole ba.

Ta uku ita ce wadda na fi son a yi magana a kanta don ita ce daidai ƙarfin yawancinmu, wato ɗinkin gida. Kafin ta wajen ta zo na je kasuwar Katako na tsinci jakunkunan makaranta guda biyu iri ɗaya a gwanjo, na kai wa wani mai ɗinkin jaka a wajen Taminus na yi masa bayani. Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce "Alhaji yau kuma kare ne zai tafi makaranta?" amma ya karɓa. Ɗinkin farko shi ya yi shi da tunanin jaki ne, maɗauri ɗaya tal a ƙarƙashin ciki, ba komai a ƙirji. A kan hanya miƙaƙƙiya lafiya lau, muna fara gangara sai jakar ta zame ta taho wuya, da muka hau sama ta koma ƙugu, can kuma ta juye gaba ɗaya ta koma ƙarƙashin ciki, Barde ya tsaya cak ƙafa a buɗe yana kallona irin kallon nan na me na yi maka. Laifina ne ba na mai ɗinki ba, ban san abin da zan ce ya yi ba.

Bayan ta wajen ta iso sai na ɗauke ta na kai masa ya gani da idonsa, ya jujjuya ta ya ce ai wannan ba wani abu ba ne. Muka sayo bel ɗin kujerar mota tsofaffi wajen masu kayan gwangwan, shi ne ya zama maɗauri, kuma wallahi ya fi na kamfanin ƙarfi. Ya yi na ƙirji mai reshe biyu, na ciki biyu, ya sa soso siriri ya lulluɓe da yadi mai laushi a duk inda zai taɓa hammata, maɓallan kuma na ƙarfe. Wannan ta biyun ta yi aiki, yanzu haka tana wurin wani maƙwabcina yana sa wa nasa. Amfaninta a fili yake, kuɗinta bai kai ko kusa da na waje ba, a jikin karenka ake aunawa, wanda ga mai faɗin ƙirji kamar Boerboel babban abu ne don lambobin kamfani ba kullum suke zama masa daidai ba, in ta yage kuma yau ka kai yau a gyara. Inda ta gaza guda biyu ne. Ta fi nauyi, musamman in aka yi ta da tamfol, in ruwa ya jiƙa ta kuwa nauyin ƙaruwa yake kuma ba ta bushewa da wuri. Sai mariƙin sama, ni dai ban yarda in ɗaga kare mai kilo 30 da wani abu a bakin rami da zaren da ban san ƙarfinsa ba. Kuma gaskiya in ba ka da samfurin da za ka nuna wa mai ɗinkin, ko aƙalla hotuna ta kowane gefe, to ka shirya biyan kuɗin ɗinki sau biyu kamar ni.

Saura zaɓi na huɗu wanda ba mai son ji, kar ka sayi jakar kwata-kwata. Ka sa masa ɗamarar ƙirji mara aljihu da igiya mai kyau, ruwansa ka zuba a taka jakar. Kare mai nauyin Barde ko yana kwance a gida yana shan kusan lita biyu a wuni, in ana tafiya ya fi haka, amma fitar awa biyu zuwa uku lita biyu ƙari a bayanka ba za ta kashe ka ba. Jaka tana fara biyan kuɗinta ne in tafiyar ta wuni guda ce ko da kwana, inda ruwan mutum da na kare ya fi ƙarfin baya ɗaya. Wani amfanin da na gani da idona shi ne in Barde na ɗauke da kaya ya fi natsuwa, jan igiya ya ragu, ba ya bin kowane ƙadangare, kamar ya san an ba shi aiki. To amma natsuwa horo ke kawo ta, kar a ce jaka ce magani.

Kuma a nan ne Jos da Abuja suka rabu, shi ya sa amsar da zan ba ɗan Jos daban da wadda na ba abokina. Mu muna sama da mita 1,200 daga teku, ƙololuwar Shere ta haura mita 1,800, a Disamba da Janairu da asuba sai ka sa rigar sanyi biyu, kare na iya tafiya da jaka har hantsi bai galabaita ba. Abuja ba ta kai rabin tsayinmu ba, a watan Maris zafi na wuce digiri 35 kamar wasa, duwatsun Mpape da Katampe da Ushafa kuma ƙarfe tara na safe sun fara gashi. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, zafin jikinsa na lafiya 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 rai ake magana. Masu gajeren hanci da kaurin jiki irin Boerboel da Rotwaila sun fi saurin faɗawa, Kokeshiyan kuwa da wannan gashin nasa ko ba jaka ma tausayi yake ba ni a Abuja. To ka ɗauki irin wannan ka rufe masa baya ka ƙara masa kilo biyar. In ka ga harshe ya zazzago ya yi faɗi, yawu ya yi kauri yana ja, yana neman inuwa yana ƙin tashi ko yana tangaɗi, cire jakar nan take, ka kai shi inuwa ka zuba masa ruwa a kan cikinsa da hammata da cinyoyi, ku nufi likita, ba a jira a ga ko zai ware. Dutse kuma ka ɗora bayan hannunka a kai, in ba ka iya daurewa daƙiƙa biyar ba to tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba.

Mu ma namu matsalolin na nan. Shere cike take da matsattsun wurare tsakanin manyan duwatsu, kare kuma bai san ya ƙara faɗi ba, zai kutsa inda ya saba wucewa jakar ta maƙale, farkon lokaci firgita yake yi ya ja da ƙarfi. Da damina, musamman Yuli da Agusta, duwatsu santsi suke kamar an shafa kuɓewa, a lokacin ni ajiye jakar nake yi gaba ɗaya don kaya na rage masa iya tsayuwa. Kaska kuma ƙarƙashin maɗauri take son laɓewa, duk dawowa sai na kwance na bi hammata da wuya da kunne da hannu, don cutar da take sa wa kare a jini ba ƙarama ba ce. Allurar haukan kare a tabbata an yi kafin a fita daji, mu da cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke nan gefenmu tun 1924 ba mu da uzuri. Igiya kuma kar ta bar hannunka in kun kusa garken shanu ko gonar dankali ko gidajen mutane, kaza ɗaya in ya kama ta isa ta ɓata muku wunin.

Me ake sawa a ciki? Kayansa kawai. Ruwa, kwanon sha mai naɗewa, ɗan abincinsa, leda ta kwashe kashi, bandeji. Ruwa ya fi komai daɗin ɗauka don yana raguwa ana tafiya, sai dai ka riƙa ɗiba daga wannan gefe ka ɗiba daga wancan kar mangala ta karkata. Waya, makullin mota, magani, kuɗi, duk kar su shiga, Barde ya taɓa ganin rafi ya faɗa ya kwanta da biredinmu a bayansa, ranar da yunwa muka dawo. Abincin da mutum zai ci da sallaya ma ni ba na sawa, duk da a Malikiyya ba a ɗauki jikin kare mai rai najasa ba, hadisin wanke ƙwarya sau bakwai yana nan, kuma abokan tafiya ba kowa ne zai sake da abin da ya fito daga bayan kare ba. Kar kuma a cika masa ciki daf da fita ko ana dawowa yana haki, manyan karnuka masu zurfin ƙirji cikinsu na iya kumbura ya murɗe, wannan kuma cikin awoyi yake kisa.

Ko wacce ka zaɓa ba a fara ta a kan dutse. Kwana uku huɗu ya yawata da ita a tsakar gida ba komai a ciki, sai zagayen unguwa, sai ka sa ledar fiya wata ɗaya kowane gefe, kana ƙarawa kaɗan kaɗan cikin sati uku zuwa huɗu. Maɗauri kuma yatsu biyu su iya shiga ƙarƙashinsa, ba fiye ba ba ƙasa ba.

Abokina dai na ce masa yanzu ya sayi ɗamara mara aljihu mai mariƙi a sama, ya riƙa fita da shi Usuma ko Katampe da asuba ya dawo kafin tara, ruwan a bayansa shi maigidan. In karen ya cika shekara biyu likita ya duba ƙugunsa ya ce lafiya, sai a yi maganar jaka, kuma da faɗin ƙirjin nan nasa ɗinkin gida zan kai shi da tawa a matsayin samfuri, ya riƙa sa masa daga Nuwamba zuwa Janairu kawai. Bai ji daɗi ba, ya ce shi fa hoton yake so. Na ce in hoto ne ya shigo Jos a Disamba in ara masa Barde, ya taho da tef ɗin tela da awon ƙirjin nasa a rubuce.